Jarumi Musulmi a Littattafan Zane: Tarken The 99 da Ms. Marvel da Malika a Ma'aunin Aƙida

Tsakure

Maƙalar ta yi tarken littattafan zane guda uku na jarumai masu keta al'ada, waɗanda aka miƙa wa matashi Musulmi ko ɗan Afirka a matsayin nasa: The 99 na ƙasar Kuwaiti, da Ms. Marvel na Amurka, da Malika wanda aka gina a kan sunan Sarauniya Amina ta Zazzau. Ta ɗauki hayaniyar da masu karatu suka yi a 2023 kan kashe Kamala Khan a matsayin mashiga. Abin da ta tsaya a kai shi ne, suna da sutura ba su isa su sa a kira jarumi Musulmi ba, sai an duba yadda labarin ya ɗauki ƙarfi: inda ya samo shi, da wanda yake tsawata masa, da inda yake ƙarewa.

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen watan Mayu na 2023 kamfanin Marvel ya fitar da kashi na 26 na jerin The Amazing Spider-Man, inda aka kashe Kamala Khan, yarinya Musulma da ake yi wa laƙabi da Ms. Marvel. Masu bibiyar waɗannan littattafai sun fusata ƙwarai. Wasu sun ce an kashe ta a littafin da ba nata ba, inda ba ta da wani babban matsayi. Wasu sun ce an salwantar da ita ne kawai domin a motsa zuciyar jarumi namiji. Wasu kuma sun ce dabarar kasuwa ce, tunda fim ɗin da za ta fito a ciki yana tafe a watan Nuwamba na shekarar. A watan Yuli aka fitar da littafi na musamman na ta'aziyyarta, aka zana jarumai sun taru a masallaci. Kafin watan ya ƙare kuma aka dawo da ita da rai. Fushi ya lafa, aka ci gaba da saye.

Mai yiwuwa a ga kamar wannan lamari ya yi nisa da ƙasar Hausa. Sai dai ɗalibin sakandare a Badafi ta ƙaramar hukumar Kiru, ko a Tiga ta Bebeji, ko a Tudun Wada da Doguwa, ba ya buƙatar kantin littattafai kafin ya haɗu da waɗannan jarumai. Wayar hannu ta ɗauke masa wannan nauyi. A shagon cajin waya ake tura masa fim, wani lokaci ma da fassarar Hausa, sannan hoton jarumin yana kan jakar makarantar ƙanensa da rigar da aka sayo masa ta sallah. Yaron da ya haddace sifofi ashirin na wajibi ga Allah a Islamiyya da yamma, shi ne da dare yake kallon mutum yana tashi sama yana riƙe da tsawa. Malamai da dama sukan sallami batun da kalma ɗaya, su ce zane ne, zane kuwa haram. Matashin shi ma yakan sallame shi da kalma ɗaya, ya ce ai wannan jarumar Musulma ce. Duka biyun ba su buɗe littafin da idon nazari ba, kuma giɓin da ke tsakaninsu shi wannan maƙala take son shiga.

2.0 Hukuncin Zane a Taƙaice

Hadisan da suka tsananta a kan masu yin surori tabbatattu ne a cikin Bukhari da Muslim, kuma akwai malamai na da da na yanzu da suka ɗauke su a kan kowace irin surar abu mai rai. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta wannan ƙasa, ta yi rarrabewa. Masu sharhin Mukhtasar na Khalil, irin su Dardir a babin walima, sun bayyana cewa abin da aka haramta shi ne surar mai rai wadda take da jiki da inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi. Wadda aka zana a takarda ko bango ko tufa kuwa, hukuncinta yana tsakanin karhanci da saɓa wa abin da ya fi. Saɓanin sananne ne, kuma ba a nan za a warware shi ba. Abin lura kawai shi ne, ko da an ɗauki ra'ayi mafi sauƙi, tambayar da ta fi nauyi tana nan: me zanen yake koyarwa?

3.0 Ma'aunin Tarke

Bahaushe bai jira Superman na 1938 ba kafin ya san jarumin da ya fi ƙarfin ƙarfe. Ɗan tauri da wuƙa ba ta cin sa, da maharbin da ake cewa yana da layar zana ko baduhu, da kirarin da mafarauta suke yi kafin su shiga daji irin na Falgore, duk tsofaffin abubuwa ne a wannan yanki. A rubutaccen adabi ma haka. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ya yaƙi Turawa sannan ya wuce ƙasashen aljannu da takobinsa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya samo asali ne daga labarin wani gwarzon Rasha, gurgu da ya miƙe ya zama barde, amma marubucin ya yi masa wankan Hausa har mai karatu ba ya jin baƙuntarsa. Littattafan yaƙi na kasuwar Kano, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, sun ci gaba da wannan layi. Ke nan sha'awar jarumi ba baƙuwa ba ce, kuma malaman ƙasar nan sun daɗe da tanadar mata ma'auni.

Malaman tauhidi sun kasa keta al'ada kashi-kashi gwargwadon wanda ta bayyana a hannunsa da kuma mafarinta. Akwai mu'ujiza ga annabi, da karama ga waliyyi, da ma'una ga gama-garin mumini, da istidraji ga fasiƙin da ake yi wa talala, sannan ga sihiri wanda ake koyo ana nema. Ba girman abin mamakin ake dubawa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya soki masu girmama itatuwa da duwatsu da masu duba, alhali shi da almajiransa sun tabbatar da karamar waliyyai. Abin da ya raba biyun shi ne jingina: ga wa aka danganta ƙarfin?

Alƙur'ani ya kawo misalan da suka dace da wannan nazari fiye da duk wani ra'in adabi. A Suratun Naml, aya ta 40, lokacin da aka kawo wa Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, gadon sarautar Saba cikin ƙiftawar ido, nan take ya mayar da abin ga falalar Ubangijinsa, ya kuma ɗauke shi a matsayin jarrabawa. Ƙaruna kuwa, a Suratul Ƙasas aya ta 78, ya jingina dukiyarsa ga iliminsa. A surar dai, ayoyi na 15 da 16, Annabi Musa ya shiga faɗan mutum biyu, ya yi naushi ɗaya mutum ya mutu, sai ya kira abin da ya faru zaluntar kai, ya nemi gafara. Mafi cika a cikin misalan shi ne Zulƙarnaini a Suratul Kahf, daga aya ta 83 zuwa ta 98. An ba shi iko da hanyoyin kowane abu, amma da mutane suka kawo masa kukan Yajuju da Majuju, ya ƙi karɓar lada, ya nemi su taimaka masa da ƙarfinsu, suka ɗebo ƙarfe, suka hura wuta, aka zuba narkakkiyar tagulla. Da aikin ya kammala ya ce rahama ce daga Ubangijinsa, ya kuma sanar da su cewa akwai ranar da katangar za ta rushe.

Daga waɗannan ake fitar da tambayoyi uku da za a yi wa kowane littafi. Ina ƙarfin jarumin ya fito? Wa yake da ikon ce masa ya tsaya? Shin ƙarfin yana da ƙarshe?

4.0 The 99: Sunayen Allah a Jikin Bayi

Dakta Naif Al-Mutawa, masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Kuwaiti, shi ya ƙirƙiro The 99, kamfaninsa Teshkeel ya fara buga shi a 2006. Labarin ya tashi ne daga faɗuwar Bagadaza a hannun Mongol a 1258. A cewarsa, masu kula da taskar littattafan birnin sun tsame ilimin da ke cikinsu suka zuba shi a duwatsu masu daraja guda 99, duwatsun suka bi ta Andalus, daga bisani suka warwatsu a duniya. Duk matashin da dutse ya dace da shi sai ya sami wani ƙarfi da wani suna. Akwai Jabbar ɗan Saudiyya mai ƙarfin jiki, da Noora ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa mai ganin haske da duhun zukata, da Darr Ba'amurke da ke kan keken guragu, da Batina mai lulluɓe fuska, da Mumita gwanar faɗa. Aikin ya sami karɓuwa har shugaban Amurka Barack Obama ya yabe shi a 2010, a shekarar kuma aka haɗa jarumansa da su Superman da Batman a jeri guda na kamfanin DC. A 2014 babban muftin Saudiyya, Shaikh Abdul'aziz Alus-Shaikh, da kwamitin fatawa na ƙasar suka haramta shi.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da littafin ya yi daidai. Ya sa ilimi ya zama taskar da ake tsere a kanta, ya tuna wa yaro Musulmi cewa kakanninsa sun yi ɗakunan karatu. Jarumansa sukan yi aiki uku-uku, domin ƙarfin ɗaya ba ya isa sai da na ɗan'uwansa, wanda ya yi kusa da abin da Hausawa ke nufi da sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Haka kuma hujjar marubucin ba ta rasa tushe ba. Ya cire harafin ta'arifi daga sunayen, kuma ya ce ɗabi'u ne da kowane ɗan'adam zai iya yin koyi da su. Alƙur'ani da kansa ya siffanta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tausayi da jinƙai a aya ta 128 ta Suratut Tauba da lafuzzan da suke cikin sunayen Allah. Annabi Yusufu ya siffanta kansa da tsarewa da sani a aya ta 55 ta surarsa. Imam Gazali a littafinsa Al-Maƙsadul Asna yakan bi sunayen yana bayyana rabon bawa a cikinsu.

Amma a nan ne littafin ya yi tuntuɓe. Rabon bawa a wurin Gazali tarbiyyar zuciya ce, ana samun ta da mujahada da sanin cewa kamalar sifar ta Allah ce shi kaɗai. A The 99 kuwa sifar ta zama makami da dutse yake bayarwa. Sannan ba kowane suna ne yake zama yabo ba idan aka ɗora shi a kan bawa. Kalmar jabbar idan ta zo a kan mutum a Alƙur'ani, zargi ce. An kore ta daga Annabi Yahaya da Annabi Isa a Suratu Maryam, ayoyi na 14 da 32, an kore ta daga Manzon Allah a ƙarshen Suratu Ƙaf, an kuma haɗa ta da girman kai a aya ta 35 ta Suratu Gafir. Littafin ya ɗauki wannan kalma ya raɗa wa jaruminsa na farko. Mumita kuwa daga sifar kashewa aka ciro ta, alhali wanda ya yi iƙirarin rayawa da kashewa a Alƙur'ani shi ne sarkin da ya yi jayayya da Annabi Ibrahim a aya ta 258 ta Suratul Baƙara. Sunan Darr, mai cutarwa, malamai sun ce ko ga Allah ba a ambatonsa shi kaɗai sai a haɗe da mai amfanarwa. Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani a Tuhfatul Maudud kan sunayen da ba a raɗa wa bayi.

Ga kuma batun dutsen. Ga yaron da ya tashi inda ake ɗaura guru da kambu, dutse mai ba da ƙarfi ba sabon labari ba ne, tsohuwar laya ce aka sake wa kube. Sayyidina Umar ya tsaya a gaban Hajarul Aswad ya shaida cewa dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, kuma koyi da Manzo ne kawai ya sa ya sumbace shi. Marubucin The 99 ya sha bayyana cewa da gangan bai sa addini a fili a cikin labarin ba, domin kowa ya iya karantawa. Sakamakon haka shi ne an ɗauko sunayen an bar Mai sunayen. Jaruman ba su da wanda za su mayar wa falala kamar yadda Annabi Sulaimanu ya yi. Wannan raunin aƙida ne, kuma raunin adabi ne, domin labarin ya rasa abin da zai sa sunayen su yi nauyi. Wannan tarke kuwa bai halatta barazanar kisa da aka yi wa marubucin a 2014 ba. Kuskuren littafi da hujja ake gyara shi.

5.0 Ms. Marvel: Gida da Masallaci da Kabarin da ba ya Riƙe Gawa

Jerin Ms. Marvel ya fara fita a watan Fabrairu na 2014. G. Willow Wilson, Ba'amurkiya da ta musulunta, ita ta rubuta, Adrian Alphona ya zana, Sana Amanat ta yi aikin edita. Kundi na farko ya ci kyautar Hugo a 2015. Kamala Khan 'yar shekara 16 ce, iyayenta 'yan asalin Pakistan, suna zaune a birnin Jersey City. Ta saci jiki ta fita wani biki da dare ba da izinin iyayenta ba, wani hazo ya lulluɓe ta, ta farka da ikon miƙa jikinta da sauya kamanninta.

A cikin littattafan uku, wannan ne ya fi ƙarfin rubutu, kuma dalilin a bayyane yake: ya bar addini ya zauna a gidan. Akwai uba da uwa masu faɗa da tsaro, da wa mai riƙo da ibada, da ƙawa mai hijabi, da limami mai suna Shaikh Abdullah. Lokacin da Kamala ta fara samun ikon sauya kama, surar Baturiya mai farin gashi ta fara ɗauka, daga baya ta gane cewa zanen aro ba ya rufe katara, ta koma fuskarta. Duk matashin da ya taɓa jin kunyar harshensa ko sunansa a gaban baƙi zai fahimci wannan ba sai an yi masa sharhi ba. Ranar da ta fara ceton rai, wata yarinya ce da ta faɗa ruwa, wadda kuma ta saba yi mata izgili. Abin da ya motsa ta shi ne tuna ayar da mahaifinta yake yawan ambata, aya ta 32 ta Suratul Ma'ida, kan girman raya rai guda. Da iyayenta suka tura ta wurin limami, ta zaci tsawa za ta sha, sai ya yi mata nasiha da ta yi taimakonta cikin mutunci da gaskiya, ta kuma nemi malamin da zai koya mata. A ma'auni na biyu, wato samun mai tsawatawa, littafin ya fi takwarorinsa nesa ba kusa ba.

Duk da haka akwai abin dubawa. Ƙarfin Kamala gado ne na jini da wasu halittun wata duniya suka dasa a kakanninta, hazo ya tayar da shi. Allah yana cikin ɗabi'arta, amma ba ya cikin bayanin yadda duniyar labarin take tafiya. A duniyar nan tata, Thor na Turawan arewa abin bauta ne mai yawo a titi, ga kuma Bast ta ƙasar Wakanda. Musulunci ya zama al'adar gida ɗaya a unguwar da alloli suke da yawa. A wahayin da ta gani cikin hazo ma, jaruman Marvel ne suka sauko mata cikin siffa irin ta masu tsarki. Sannan jarumtar tata ta ginu a kan ɓoye wa iyaye gaskiya da fitar dare, kuma labarin yakan sa mai karatu ya goyi bayanta a kan hakan. Fim ɗin talabijin na 2022 ya ƙara dagula lamarin, da ya danganta ƙarfin ga wani awarwaro na gado da wasu halittu da aka kira aljannu.

Babbar matsalar ita ce ta 2023, kuma ita ce masu fushi ba su tsaya a kanta ba. Tun 2019 littattafan X-Men suka shigo da wata hanya ta dawo da matattu a tsibirin Krakoa: ana adana kwafin tunanin mutum a na'ura, idan ya mutu a tsirar da sabon jiki a zuba masa. Ta wannan hanya aka dawo da Kamala. Wato a wata guda mai karatu ya ga an yi zaman makokinta a masallaci, ya kuma ga an fito da ita daga ƙwai kamar ɗan tsako. Alƙur'ani ya ce ruhi yana daga al'amarin Ubangiji a aya ta 85 ta Suratul Isra'i, ya kuma ce akwai shamaki a bayan mamaci har ranar tashi a ayoyi na 99 da 100 na Suratul Muminun. Inda ya ba da labarin dawowar mamaci, kamar mutumin da ya shekara ɗari a aya ta 259 ta Baƙara, ko matattun da Annabi Isa ya tayar, ya ɗaure abin da izinin Allah, ya sa shi aya. A Krakoa kuwa sana'a ce, ruhi ya zama bayanai da ake kwafa.

Mutuwar da ake warwarewa tsohuwar dabara ce a wannan kasuwa. An kashe Superman a 1992 aka dawo da shi a 1993. Amma idan aka yi wa jarumar da aka gina ta a kan imani da lahira, asarar ta fi yawa. Kamala ta ba da ranta ne domin ta ceci wata, kuma darajar sadaukarwa tana cikin cewa ba a mayar da abin da aka bayar. Masu karatu sun yi fushi da aka ɗauke musu wakiliya, suka huce da aka dawo musu da ita. Da da ma'aunin aƙida suka auna, da dawowar ta fi mutuwar tayar musu da hankali.

6.0 Malika: Amina ba Tare da Zazzau ba

Roye Okupe, haifaffen Legas mazaunin Amurka, ya fitar da Malika a 2017 ta kamfaninsa YouNeek, kamfanin Dark Horse ya sake buga shi a 2021. Sarauniya ce mayaƙiya a wata daula ta ƙirƙira mai suna Azzaz a Afirka ta Yamma ta ƙarni na 15, kuma marubucin bai ɓoye cewa Amina ta Zazzau ce ta zaburar da shi ba. Ga mutanen Tudun Wada da Doguwa, waɗanda suke iyaka da ƙasar Zazzau, wannan ya kamata ya fi kowanne kusa da gida.

Zanen yana da kyau, dawakai da sulke da faɗin fili sun fito da kwarjini, kuma rikicin sarauniyar da majalisarta ya nuna mai mulki da ake iya ja da shi. Sai dai tushen ƙarfin da labarin ya dogara a kai makamai ne na sihiri da ake dangantawa ga dodanni, abokan gaba kuma rundunar daular Ming ce ta Sin. A tarihi jiragen Ming sun kai gaɓar Afirka ta Gabas a farkon ƙarni na 15, ba su taɓa yaƙar Afirka ta Yamma ba. Marubucin bai ce tarihi yake rubutawa ba, don haka ba za a kama shi da ƙarya ba. Abin da za a kama shi da shi shi ne barin abin da ya fi dodo armashi. Tarihin Kano ya ambaci Amina a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce ikonta ya kai Kwararrafa da Nufe, har Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisur. Wasu masana tarihi sun sa ta a ƙarni na 16. Ko wanne aka ɗauka, zamani ne na fatauci da ganuwa da shigowar malamai, bayan zuwan Wangarawa Kano a zamanin Yaji. Wannan gwagwarmaya ta tsafi da tauhidi a fadojin Hausa ita ce labarin, kuma har yanzu tana jiran mai zana ta.

7.0 Jarumi da Ɗaukar Doka a Hannu

Akwai darasi guda da kusan duk littattafan wannan fanni suke koyarwa ba tare da sun furta ba: hukuma ta gaza, don haka mai ƙarfi ya rufe fuska ya yi hukunci. A takarda jarumin ba ya kuskuren mai laifi, domin marubuci ya riga ya nuna wa mai karatu ko wane ne. A rayuwa babu marubucin da zai yi wannan. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, an tare matafiya mafarauta 'yan Jihar Kano, aka zarge su, aka kashe 16 daga cikinsu ba shari'a ba bincike. Waɗanda suka yi hakan suna ganin kansu masu tsaron gari ne.

Fiƙihu ya rufe wannan ƙofa tun da wuri. Ibn Rushd kaka ya kawo sharuɗɗan hani da mummuna: mutum ya san abin da yake hanawa, kada hanin ya jawo abin da ya fi shi muni, sannan wajabcin yana rataye da zaton cewa zai yi amfani. Zartar da haddi da ƙisasi kuwa aikin shugaba da alƙali ne. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkam domin mutanen da suka ci yaƙi su san cewa takobi yana ƙarƙashin shari'a. Hadisin Bukhari da Muslim ya mayar da ƙarfi na gaskiya ga mallakar kai lokacin fushi. A yankin da matasa suke shiga aikin sintiri saboda ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, irin jarumin da suke ɗauke da shi a zuciya ba ƙaramin al'amari ba ne.

8.0 Kammalawa

The 99 ya ɗauko sunayen Allah ya rataya su a duwatsu. Ms. Marvel ya kawo gida Musulmi mai rai da limami mai hikima, amma kamfanin da ya mallake shi ya mayar da mutuwa abin wasa. Malika ya ari sunan Amina ya bar duniyarta. Kowanne yana da abin yabo, kuma babu wanda ya cika ma'auni ukun da ƙissar Zulƙarnaini ta tara.

Abin da ya rage aiki ne a kan malamai da ɗalibai. Malamin Islamiyya da zai zauna da ɗalibansa ya tambaye su inda ƙarfin jarumin da suke so ya fito, ya koyar da babin mu'ujiza da karama da sihiri ta hanyar da ba za su manta ba, ya kuma ba su abin da za su auna littafin gaba da shi ko ba ya nan. Sassan Hausa da na nazarin addinin Musulunci a jami'o'i suna da marubuta, makarantun fasaha suna da masu zane, kuma Ahmadu Ingawa ya riga ya nuna cewa ana iya ɗauko gwarzon wata ƙasa a mayar da shi ɗan gida. Kiyaye alfarmar annabawa da sahabbai ta hanyar ƙin zana su wajibi ne, amma fagen da ya rage yana da faɗi: Nana Asma'u da 'yan taru, da fataken goro a hanyar Gwanja, da alhazan da suka taka zuwa Makka ta Sudan, da maharbin da ya ajiye laya ya riƙe addu'a. Allah shi ne mafi sani.